Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Sakataren Hukumar Kula Da Jami'o'i Ta Ƙasa Kan Digirin Kimiyyar Harshe

Zuwa ga Mai Girma Babban Sakatare,
Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC,
Maitama, Abuja.



 

Ni malami ne a sashen harsunan Nijeriya na ɗaya daga cikin jami'o'in Arewa. Ba al'adata ba ce in ɗauko maganar gida in kai ta jarida. Wannan magana na yi ta a taron sashe, na yi ta a taron tsangaya, na rubuta ta a takarda ta bi hanyar da takardu ke bi. Duk inda na kai ta, ba wanda ya ce ba gaskiya ba ce. Amsa ɗaya ake ba ni: manhaja daga Abuja take zuwa, kuma abin da masu tantance kwasa-kwasai ba za su tambaya ba, babu mai kashe masa ko kwabo. Tunda kowa ƙofarka yake nuna mini, shi ya sa na zo na yi sallama. Na yi ta a bainar jama'a ne domin 'ya'yan jama'a abin ya shafa.

Kukana a kan yadda muke koyar da kimiyyar harshe ne a matakin digiri na farko. Ɗalibi zai zo mana ya yi shekara huɗu. Zai koyi furuci, ya san inda harshe ke taɓa hanƙa da inda leɓe ke haɗuwa da leɓe. Zai koyi tsarin sauti da ƙirar kalma da ginin jumla, ya iya zana bishiyar li'irabi har ta cika allo. Zai haddace giredin aikatau bakwai da masanin Hausa Parsons ya tsara a 1960. Duk wannan ilimi ne na gaske, shi nake koyarwa, kuma ba na neman a rage komai daga cikinsa. Amma ranar da ya ajiye alƙalami, ka kai shi aji ɗaya na firamare ka ce ga yara nan koya musu karatu, ba zai san ta inda zai fara ba. Ka tsayar da shi gaban alƙali ya yi tafinta, gumi zai karyo masa. Ka miƙa masa takardar da ke cikin kwalin magani ka ce ya mayar da ita Hausar da kakarsa za ta gane, zai kawo maka wata Hausa da ba Bahaushen da ke magana da ita. Kamar yaron da aka kai koyon ɗinki ne, ya san sunan kowane ƙarfe na jikin keke, amma bai taɓa taka shi ba. Laifin ba nasa ba ne, mu ne ba mu koya masa ba.

Fannin da ke koyar da waɗannan abubuwa, wato kimiyyar harshe a aikace, ya daɗe da tsayawa da ƙafarsa a duniya. Tun 1948 aka fara buga mujallarsa a Jami'ar Mishigan ta Amurka. Jami'ar Edinbura ta buɗe masa makaranta a 1957, aka kafa masa cibiya a birnin Washinton a 1959, sannan ƙungiyarsa ta duniya ta kafu a Faransa a 1964. Ya faro ne daga tambaya guda: yaya za a koya wa mutum harshen da ba a cikinsa ya tashi ba? Daga nan ya faɗaɗa ya haɗa da koyar da karatu, da fassara, da tafinta, da tsara ƙamus, da auna ƙwarewar harshe, da tsara wa ƙasa manufar harshe. Mu ma a nan ba baƙonmu ba ne. Abin da aka yi a Hukumar Fassara da aka kafa a 1929, wadda ta zama Hukumar Talifi a Zariya, da abin da Rupert East da Abubakar Imam suka yi har Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, shi ne wannan aiki. Haka Hukumar Harshen Hausa ta 1955, da taron daidaita rubutu na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980, da littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Magabatanmu hannu suka sa a cikin aikin. Mu kuma, a inda nake koyarwa, rabon fannin kaf kwas ɗaya ne mai yunit biyu, a zango ɗaya, kuma a kan allo ake fara shi a ƙare shi.

Ranka ya daɗe, bari in fara da inda abin ya fi yi mini ciwo, wato ajin firamare.

Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen unguwarsu a shekarun farko na firamare. A ƙarshen Nuwamban 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a miƙa wannan zuwa shekara shida cif, kuma ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, bai ɓoye ba cewa aiwatarwa za ta yi wuya sai an samar da littattafai da malamai. Bayan 'yan kwanaki kaɗan, a farkon Disamba, hukumarka ta ƙaddamar da sabuwar manhajar jami'o'i, CCMAS. Takardu biyu ke nan daga gida ɗaya. Ta farko tana bukatar dubban mutane da suka iya rubuta littafin yara, suka iya ƙirƙirar kalmomin lissafi da kimiyya, suka iya horar da malaman firamare a ƙasar da ke da harsuna fiye da 500. Ta biyu kuwa ita ce ke yanke irin mutanen da jami'a za ta yaye. A ajin da nake shiga, ban ga abin da ya canza ba da zai nuna cewa takardun biyu sun san da zaman juna. A Nuwamban 2025 ministan ilimi Dakta Tunji Alausa ya ba da sanarwar an soke manufar, an koma Turanci tun daga tushe, ya kafa hujja da faɗuwar jarrabawa.

Ina cikin waɗanda wannan hukunci ya yi wa zafi. Dalilina kuwa a ƙasar nan aka samo shi. Daga 1970 zuwa 1978 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Ife sun koyar da yara da Yarbanci shekara shida, ana koya musu Turanci a matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa. Amma abin da ake yawan tsallakewa a labarin shi ne shirin da aka yi. Sun zauna sun rubuta littattafan lissafi da kimiyya da Yarbanci, sun ƙirƙiri kalmomi, sun horar da malamai. Mu a 2022 an yi shela, ba a tanadi masu aikin ba, da aka ga ba ta haifar da ɗa mai ido ba sai aka ɗora wa harshen uwa laifi.

Sai dai ba kai ka yanke wannan hukunci ba, kuma ba zan kawo maka ƙarar da ba taka ba. Abin da nake so ka duba shi ne, ko da Turancin aka tsaya a kai, bukatar waɗannan mutane ƙaruwa ta yi. Ɗauki yaro ɗan shekara shida a Gumi ko Ringim ko Illela. Ba ya jin Turanci a gida, ba ya ji a kasuwa, ba ya ji a makarantar allo. Koya masa Turanci sana'a ce mai zaman kanta, kuma ita ce ainihin sana'ar da ta haifi wannan fanni. Malamin da aka horar ya san cewa gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, don haka yaron zai riƙa cusa wasali a tsakani, kamar yadda kakanninsa suka yi suka sami burodi da sukurdireba. Ya san wasulan Hausa biyar ne, dogo da gajere, na Turanci kuwa sun haura goma, don haka akwai kalmomin da kunnen yaron zai ji su iri ɗaya sai an horar da shi. Ya kuma san cewa rubutun Hausa yana bin furuci kusan sau da ƙafa, har yaro zai iya gane sirrin haɗa baƙi da wasali da wuri, ya ɗauki wannan basira ya shiga Turanci da ita. Malamin da ba a horar ba kuwa, abin da yake yi kowa ya sani: ya rubuta jumla a allo, ya karanta, yara su amsa da ƙarfi, a tashi. Yaro ya kai aji shida yana rera abin da bai san ma'anarsa ba.

Gwajin karatu da aka yi wa 'yan aji uku a Bauchi da Sakkwato a 2011 ya nuna mafi yawansu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa. Abin da ya biyo baya na gyara, irin su littattafan Mu Karanta a jihohin nan biyu da shirin RANA a Katsina da Zamfara, da kuɗin ƙasashen waje aka yi shi. An yi aiki mai kyau, kuma 'yan ƙasa da yawa sun ƙware a ciki. Amma a ɗakin taron otel suka sami ƙwarewar, ba a ajin jami'a ba, kuma idan shiri ya ƙare kowa kama gabansa yake yi. Hukumar agajin Amurka da ta ɗauki nauyin Mu Karanta ma an rufe ta a 2025. Wa zai gaji wannan ilimi in jami'a ba ta ɗauke shi ta zuba a manhaja ba?

Na biyu, ranka ya daɗe, kotu da asibiti.

Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin a sanar da shi tuhumar da harshen da yake ji, kuma a ba shi tafinta kyauta in ba ya jin harshen da ake shari'a da shi. Na taɓa zama a wata kotun majistare na ga yadda ake cika wannan haƙƙi. Aka karanto tuhuma da Turanci, doguwa, da lambar sashe da komai. Aka waiga aka kira wani ma'aikacin kotu, mutumin kirki, wanda dai aka san yana jin harsunan biyu. Ya dubi wanda ake tuhuma, wani magidanci da hularsa a hannu, ya ce masa, "An ce ka doki wane ka ji masa rauni. Ka yi ko ba ka yi ba?" Mutumin ya ce, "Na yi, amma shi ya fara zaro mini wuƙa." Abin da ya isa kunnen alƙali da Turanci kalma ɗaya ce, ta amsa laifi. Sauran maganar a ƙasa ta faɗi. A idon doka, tambayar da ake yi wa mutum ita ce ko ya yarda shi mai laifi ne, kuma wanda ya kare kansa yana da hujja. Da ba don wani lauya da ke jiran tasa shari'ar ya miƙe ya ja hankalin kotu ba, da an rubuta abin da mutumin bai faɗa ba. Ma'aikacin nan bai yi da mugunta ba. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa tafinta ba ya taƙaitawa, ba ya ƙari, ba ya zaɓar abin da ya ga ya fi muhimmanci. Wannan darasin mako na farko ne a kwas ɗin tafinta, ga mai kwas ɗin.

A asibiti kuwa kowa ya taɓa gani. Likita ɗan bautar ƙasa da bai ji Hausa ba, mara lafiya mace da ba ta ji Turanci ba, sai a kira ɗanta ɗan sakandare ya tsaya a tsakani. Wace uwa ce za ta faɗi ciwon da ke damunta na mata ta bakin ɗan cikinta? Sai ta ce zazzaɓi ne, a ba ta maganin zazzaɓi ta koma gida da ciwonta. Kuma mun ga inda irin wannan giɓi ya kai mu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara wajen 200. Iyayen da suka kai ƙara Amurka sun ce ba a karanta musu takardar neman izini ba, ko da Turanci ko da Hausa. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi musu bayani da Hausa sun amince da baki. Wani babban ɓangare na gardamar ya koma kan me aka faɗa, wa ya faɗa, me aka fahimta. Kuma wannan labari yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata a 2003 sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan-inna a wasu jihohin Arewa.

Akwai kuma waɗanda ba a cika tunawa da su ba in ana maganar harshe. Kurame a ƙasar Hausa suna da harshensu, maganar hannu, wanda wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna a Kano ta nazarta ta buga littafi a kansa a 2000. Ɗalibina zai gama digiri a kan harshe bai san gaisuwa da maganar hannu ba. Haka yaro mai i'ina, da dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana. Mai taimakonsu sai ya san tsarin sautin harshen da suke magana da shi, ga mu kuma da masu sanin tsarin sautin, ba mu haɗa su ba.

Sauran zan ratsa su da sauri, don ka fi ni saninsu. Sashe na 55 na tsarin mulki ya ce za a yi aikin Majalisar Tarayya da Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace, an kuma buga ƙamusun kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu tun 1991, amma tanadin mutane ne, kuma ba a yaye su ba. Tun 2013 Google ke fassara Hausa, yanzu kuma na'urori har rubutu suke yi da ita, su zubar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, su kawo jumlar da gininta na Turanci ne, kuma yaranmu suna karantawa suna ɗauka haka Hausa take. Matasanmu masu ilimin kwamfuta suna ƙoƙarin gyarawa, amma suna neman abokan aiki da suka san harshe kuma ba sa tsoron kwamfuta. Maƙwabciyarmu Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, za ta nemi masu fassara dokoki da masu rubuta littattafan makaranta, kuma nan za ta fara dubawa.

Kada a ɗauka Hausa kaɗai nake yi wa kuka. Abin da na faɗa ya shafi Fulatanci da Barbarci da Nufanci da Tibi da sauransu. Ya ma fi shafar ƙananan harsunan Bauchi da Filato da Adamawa, waɗanda wasunsu ko tsarin rubutu ba su da shi. Mu Hausawa ya kamata mu riga kowa faɗin wannan, domin a wurare da dama Hausa ce ke maye gurbinsu a bakin yara.

Na san amsar da za a iya ba ni: ai sabuwar manhaja ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta zuba abin da ta ga dama. Gaskiya ne, kuma an gode. Amma, ranka ya daɗe, ka yi shugabanci a jami'a ko ka zauna da masu yi, ka san yadda abin yake. Sashe yana cika kashi 30 ɗin nan ne da abin da malamansa suka riga suka iya, mu kuwa yawancinmu a nazarin sauti da jumla da adabi muka yi digirorinmu. Fita da ɗalibai fage na bukatar mota da alawus da wanda zai bi su ya duba, kuma shugaban jami'a mai fama da kuɗin wuta ba zai ware wannan ba sai ya san masu tantancewa za su nemi gani. Abin da aka bar wa ganin dama, a jami'ar da ba kuɗi, ba a yin sa.

Sakamakon yana kan fuskar ɗalibanmu. Da yawansu shari'a ko aikin jarida suka nema, aka turo su wurinmu. Iyaye na tambayarsu, me za ka yi da Hausa, ba da ita aka haife ka ba? Muna da amsa mai ƙarfi da za mu ba su, ga ayyuka nan birjik a makarantu da kotuna da asibitoci da gidajen rediyo, amma ba mu ba su abin kama aikin ba.

Saboda haka, cikin ladabi, ga abin da nake roƙo.

Ina roƙonka ka sa kwamitin manhajar harsuna ya sake zama, a shigar da kimiyyar harshe a aikace cikin kashi 70 na wajibi, a matsayin hanya mai zaman kanta da ɗalibi zai bi tun daga aji biyu, ya zaɓi inda zai ƙware: koyar da karatu da harshe na biyu, ko fassara da tafinta, ko ƙamus da fasahar harshe, ko maganar hannu da gyaran magana. A kwamitin nan a sa malamin firamare da ya daɗe a aji ɗaya, da magatakardan kotu, da ma'aikaciyar jinya, da kurma, su zauna tare da farfesoshi.

Ina roƙon a wajabta wa kowane ɗalibin harshe zango guda cur na aikin fage, kamar yadda ɗalibin injiniya ke tafiya SIWES, ɗalibin ilimi ke tafiya koyarwar gwaji, da littafin da mai kula da shi zai riƙa sa hannu. Kuma idan masu tantancewa sun zo, bayan sun ƙirga kujeru da littattafan laburare, su nemi ganin waɗannan littattafai, su tambayi ɗalibai inda suka je da abin da suka yi.

Ina roƙon a buɗe ƙofa a kundin kammala digiri, ɗalibi ya iya gabatar da abin da ya ƙera da hannunsa tare da bayanin yadda ya yi: littafin karatun 'yan aji biyu da ya gwada a kan yara, ko jerin kalmomin ɗakin haihuwa da ungozomomi suka duba, ko ƙaramin ƙamus na harshen ƙauyensu da ya naɗo daga bakin tsofaffi.

Ina roƙon ka yi magana da asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, a ware gurabe na horar da mu malamai a wannan fanni, domin ba mai ba da abin da ba shi da shi. Ka kuma jawo hukumar kwalejojin ilimi, da hukumar tsara manhajar makarantu, NERDC, da Cibiyar Harsunan Nijeriya da ke Aba, a zauna a teburi ɗaya, don abin da jami'a ke koyarwa ya dace da abin da malamin firamare zai tarar a aji.

Roƙona na ƙarshe shi ne amsa. In akwai shirin da hukumarka ke yi a kan wannan, a bayyana shi mu sani, mu gaya wa ɗalibanmu. In kuma akwai abin da ya hana, a faɗa mana shi a fili, mu ga ta inda za mu sa hannu. Akwai malamai da yawa a sassan harsuna na ƙasar nan da za su zo su yi wannan aiki duk ranar da ka kira.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya yi maka jagora.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malami a sashen harsunan Nijeriya na wata jami'a a Arewa.